Arba'in Cif

A layin maƙera da masu gyaran agogo, shago na huɗu daga bakin titi, nan mai gyaran sikeli ya yi shekara hamsin ba ɗaya. Ya koyi aikin tun zamanin da ake yin sikeli da tagulla da baƙin ƙarfe, lokacin da duwatsun awo ke zuwa cikin akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle, kowane dutse da raminsa. Ba ya ɗaukar su sai da hantsaki, wai gumin hannu yana ƙara musu nauyi. Mahauta da masu hatsi da ma'aikatan gidan waya duk wurinsa suke kawo sikelinsu, domin an san allurar da ya saita ba ta ƙarya. Matarsa takan ce da ana auna magana, da ya auna gaisuwar da take yi masa da safe ya mayar mata da rarar.

A ƙofar shagon akwai babban sikelin buhuna, mai farantin ƙarfe da dogon hannu. 'Yarsa ta fari, in an tashi makaranta, nan take biyowa ta jira shi su tafi gida tare. Yarinya ce mai jiki tun tana goye, ga surutu ga saurin dariya. Wata rana tana da shekara takwas, ya gama gyaran sikelin yana neman abin gwaji, sai ya ce ta hau. Ta hau. Ya zame ƙarfen har hannun ya tsaya daidai, ya ɗaga murya yadda yake yi wa masu kaya, ya ce arba'in cif. Layin duka ya ɗauki dariya. Mai agogo ya leƙo ya ce a ɗinke bakin buhun kada ya zube. Ita ma yarinyar ta yi dariya, shi ya sa uban bai ga komai ba.

Sunan ya manne mata. Daga layin ya shiga makaranta, daga makaranta ya shigo gida, har ƙannenta suna cewa Yaya Arba'in. Kowane farkon wata yakan ɗora ta, ya faɗi adadin da ƙarfi, ya rubuta da alli a bangon shago. Da ta kai sha uku sai ta daina biyowa, ta ce hanyar bayan gidan waya ta fi kusa da gida. Ya san ba ta fi kusa ba, don ya taɓa ƙirga takun hanyoyin biyu, amma bai tambaye ta ba.

Ta girma ta zama malamar lissafi, ta yi aure, ta haifi biyu. Ɗalibai a bayan idonta Malama Arba'in suke cewa, alhali nauyin ya ninka haka sau uku da ɗoriya. Gwiwoyi suka fara ciwo, ciwon sukari ya shigo, hawa bene zuwa ajinta ya zama sai ta huta sau biyu. Ita da kanta ta nemo wani asibiti a ƙasar waje inda ake tiyatar rage tumbi, ta gama shirin komai sannan ta faɗa a gida. Mijinta dole ya zauna da yara, uwarta kuma ciwon baya ba zai bar ta ta yi dogon zama a jirgi ba. Rakiya ta faɗa kan tsohon. Ranar tafiya matarsa ta miƙa masa jaka a bakin ƙofa, ta ce ya tafi da hannuwansa duka biyu, amma ya bar mata bakinsa ta ajiye masa.

Aikin ya ɗauki awa biyu da minti goma, ya duba agogo. Likita, ta bakin wata tafinta mai farin gilashi, ya bayyana masa cewa an yanke mafi yawan tumbin, abin da ya rage bai wuce ayaba ɗaya ba. Ƙananan huji biyar ne a cikinta, kowanne da filasta. Da ta farfaɗo ba cikin ne ke damun ta ba, kafaɗa ce, saboda iskar da aka hura mata lokacin aiki, kuma maganinta tafiya. Haka suka riƙa zagaya doguwar barandar asibitin, ita tana jan ƙafa cikin matsattsiyar safa, shi yana tura sandar ƙarin ruwa a gefenta.

Washegari aka ba ta izinin shan ruwa, a wani ɗan kofin roba da bai fi murfin kwalba biyu ba, ɗaya duk rubu'in awa. Nan tsohon ya sami aikin da ya iya. Yana cika kofin daidai kan layi, yana ɗaga shi saitin ido, yana ja wa kowanne zane a bayan takardar jirgi. Tana karɓa tana cewa sannu Baba. Ya daɗe bai ji daɗin zama da ita haka ba.

Rana ta uku da hantsi nas ta fito da marasa lafiya baranda don awo. Su biyar ne a jere, duk an yi musu irin tiyatarta, da 'yan rakiyarsu. Sikelin na zamani ne, na gilashi mai lambobi, irin wanda bai taɓa yarda da shi ba. Ta hau, ta duba, ya ga fuskarta ta ɗan saki. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Ƙafa ɗaya ta sikelin tana kan bakin darduma, uku suna kan siminti, kuma duk wanda ya yi mako guda a shagonsa ya san irin wannan zama yana cin nauyi. Kafin ya yi tunani ya riga ya durƙusa, ya ja sikelin zuwa kan siminti inda ƙasa take daidai, ya danna kusurwa huɗun da tafin hannu, ya ce ta sake hawa. Nas ta ɗaga kafaɗa. Ta sake hawa. Kilo biyu da ɗigo uku suka ƙaru, ya kuwa karanta adadin duka da ƙarfi, da muryar nan ta ƙofar shago.

Babu wanda ya yi dariya, watakila ma babu wanda ya ji harshen. Amma ta sauka ba ta dube shi ba, ta karɓi sandar ƙarin ruwan daga hannunsa, ta tura abinta zuwa ɗaki.

Tun daga lokacin ba ta sake karɓar kofin ba. In ya miƙa sai ta juya fuska bango, ta ce tashin zuciya take ji. Nas in ta kawo takan kurɓa kaɗan, amma nas tana da ɗakuna goma. Leɓenta ya fara bushewa. Bayan abincin rana tafinta ta same shi a baranda ta ce likita bai ji daɗin takardar yau ba, in 'yar tasa ba ta sha ruwa ba za a ci gaba da riƙe ta. Ta tambaye shi ko wani abu ya faru, domin jiya ita ce kan gaba a cikin su biyar.

Ya ce bai sani ba. Wannan ita ce ƙarya ta farko da ya tuna ya yi a kan awo. Ya zauna a bencin da ke fuskantar sikelin, ya ga mai shara ta sake tura shi kan dardumar, kuma duniya ba ta tashi ba. Ya tuna dariyar yarinyar ranar nan, sai yanzu ya ga cewa shi take kallo tana yi, ba mutanen layi ba. Ya tuna hanyar bayan gidan waya, wadda ta fi tsawo da taku ɗari uku, da yarinya mai nauyi tana bin ta cikin rana shekara biyar. Duk wannan yana cikin kansa tun tuni, a jere, bai dai taɓa haɗawa ba.

Ya koma ɗakin, ya tsaya a ƙarshen gado da hularsa a hannu.

"Sikelin ya karkace ne," ya fara.

"Na sani, Baba. Ni ma na ga ƙafarsa a kan darduma. 'Yar wa ce ni? Kilo biyu na ƙarya nake so na kwana da su. Kwana ɗaya tak."

Ya ce ba gafarar abin yau kaɗai ya zo nema ba. Ya ce shi ya raɗa mata sunan nan, da bakinsa, a gaban mutane, kuma shekara talatin da ɗaya yana ji ana kiran ta da shi bai taɓa hana kowa ba. Ya ce ta yafe masa. Maganar ta fito a karkace, ba yadda ya shirya ta a benci ba.

Ta kalli rufin ɗakin. Sannan ta ce a nan ba wuya, su biyu ne, ƙofa a rufe. A layi ya faɗa, a layi zai janye. In sun koma ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu tana da suna, kuma shi da kansa ya zaɓa mata shi.

"Ai mai agogo ya rasu," ya ce a hankali.

"Ɗansa na nan. Shi ma haka yake kira na, yaron da na koya wa raba dogon lissafi."

Ya hango kansa, da furfurarsa, yana tsaye a ƙofar mutanen da suka san shi da rashin kuskure. Ya ce zai je.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta miƙa hannu kan ɗan teburin, ta zuba ruwan da kanta, ya wuce layi, wani ma ya zuba a zanen gado. Yatsunsa suka motsa, ya damƙe hular.

"Juya ka kalli taga, Baba."

Ya juya. A ƙasa motoci suna wucewa, ga kantuna da rubutun da ba ya iya karantawa. Ya ji kurɓa ta farko a bayansa, can ya ji ta biyu, sai ya kafa wa allon wani kanti ido yana ƙoƙarin haɗa baƙaƙensa a ransa, don kada ya ƙirga ta uku.