Jikan Jaji na Gindin Rimi

Malam Iliyasu ya sauka a tashar Kura a ƙarshen daminar 1981, da akwatin ƙarfe da laima baƙa. Ni a lokacin na riga na ajiye aikin koyarwa, kuma akwai ɗaki kusa da zaurena babu kowa a ciki, sai shugaban makarantar sakandare ya turo mini shi. A zangon Kumasi, unguwar Hausawa, aka haife shi, can ƙasar Ghana. Shekarun nan malamai 'yan Ghana sun cika makarantunmu, amma shi bai ɗauki kansa ɗaya daga cikinsu ba. Ranar da ya zo, tun kafin ya sha ruwa, ya ce mini, "Baba, ni gida na dawo. Kakana mutumin nan ne. Jaji na Gindin Rimi ake ce masa, ya tafi fataucin goro bai komo ba."

Na ce masa madalla, ya fara kafa gidan sauro tukuna.

Lissafi yake koyarwa. Kullum da safe zai goge takalminsa, ya hau keke ya bi gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, har makaranta, ya isa ƙafar wandonsa duk taɓo. Takalmin nan yana tuna mini da malamanmu na makarantar mishan, waɗanda ba sa shiga aji sai sun duba faratanmu. Amma zamani ya sake. Ajinsa ya fi kasuwa cika, benci bai isa ba, alli kuwa a aljihu yake yawo da shi don kada ya ɓace. Idan aka saki ruwa daga madatsar Tiga, rabin yaran sai su tafi ban ruwa. Lokacin tsinkar tumatur ma haka. Waɗanda suka zo su kifa kai a kan tebur su yi barci. Hausarsa ta zango tana ba su dariya, sukan maimaita maganarsa a bayansa. Zazzaɓi ya kayar da shi tun watan farko. Tuwon dawa kuma bai karɓe shi ba, na sha ganin ya zauna yana kallon kwano kamar mai jiran a ba shi haƙuri.

Duk da gajiyar nan, ranar Asabar ba ya hutawa. Zai ɗauki keke ya shiga ƙauyuka yana tambayar rimin kakansa. Abin da bai sani ba, tun da aka kawo aikin noman rani katafila ta bi ta kan gonakin nan ta baje su. Itatuwan da muke kwatance da su, da tsofaffin iyakoki, da kufai, duk an share, an yanka ƙasar murabba'i-murabba'i. Ni kaina da na girma a nan, akwai wuraren da ban ƙara ganewa ba.

Maƙwabcina Baballe, manomin albasa da alkama, shi ne ya fi kowa tsokanarsa. Da la'asar in ya hango shi ya dawo, sai ya ɗaga murya: "Bagwanje! An ga rimin, ko har yanzu yana gudu?"

"Zan same shi, Baballe."

"In ka same shi ka gaishe shi. Ka ce masa mu ma kukar gonarmu muke nema."

Baballe ne dai ya kai shi wurin Iyatu, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwarmu. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, waɗanda suka tafi Gwanja fataucin goro sun fi a ƙirga. Rimi kuwa, kowane gari da nasa. Ba zan ce maka na san shi ba, alhali ban san shi ba." Ya yi mata godiya, ya tura kekensa da hannu har gida.

A watan Janairu na 1983 rediyo ya faɗi cewa baƙin da ba su da cikakkiyar takardar zama su bar ƙasar. Iliyasu bai taɓa kula da wannan takarda ba, don a ganinsa mutum ba ya neman izinin zama a gidan kakansa. Abokan aikinsa suka fara sayar da katifu da rishon girki. Shi kuma ya ci gaba da zuwa aji, yana rubutu a allo, yara suna kallon bayansa sun yi tsit. A Kumasi babu abin da ya bari sai kabarin iyayensa da yunwar da ta koro shi.

Dagaci ya sa aka tara baƙin da ke ƙasarsa a ƙofar gidansa, domin ya san abin da zai gaya wa hukuma. Na raka Iliyasu. Da aka zo kansa, dagaci ya dubi jama'a ya ce, "Wannan malamin yana cewa ɗan gari ne. Wa ya san asalinsa?"

 Ni dai ban isa in ba da shaida ba, don ban san komai ba sai abin da ya faɗa mini.

Sai Baballe ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, namu ne. Ƙanin kakana, Sammani, ai Gwanja ya tafi, kowa ya sani. Wannan jikansa ne. Dubi kunnuwan, duk gidanmu haka muke, kamar faifai."

Wasu suka yi dariya. Dagaci bai yi ba. Babu wanda ke wurin da bai san sunan da Iliyasu ya shekara yana yawo da shi ba, har shi dagacin. Ya juyo ya ce, "Malam, da bakinka nake son ji. Yaya sunan kakanka?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai. Ina kusa da shi, ina jin numfashinsa.

"Sammani, ranka ya daɗe."

"To, kun ji. Daga yau kada in ƙara jin wani suna a garin nan, don in magana ta zama biyu, ni da Baballe za a tambaya."

Haka ya zauna. Zumunci kuwa ba a karɓarsa rabi. Suna, biki, jana'iza, duk abin da ya taso a gidan Baballe da shi ake yi. Aka yanka masa 'yan kwamai na shuka a gefen gonar albasa, ranar ruwa ta zama tasa kamar kowa. Ya koyi tare ruwa da fartanya, ya koyi faɗa da na sama da shi in sun riƙe ruwan. Daga aji sai gona, daga gona sai tarin littattafan yara. Ya daina goge takalmi. Baballe ya daina ce masa Bagwanje, ya koma ce masa ƙanina, yana kuma aikensa kamar ƙanin.

Wajen 1987 na haɗu da wani dattijo daga Madobi a kasuwar Bunkure. Muna hira ya ambaci wani tsohon rimi da ke yamma da babban kanal kafin a sare shi, da gidan wasu fatake a gindinsa. Ya ce zai iya nuna wurin. Na dawo da sauri, na tarar da Iliyasu a ƙofar gida yana ɗaure fartanya a bayan keke. Na gaya masa duka.

Ya tsaya, hannunsa a kan sirdi. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya ji mu. Na ce babu.

"Bar shi kawai, Baba," ya ce. "In na je, gobe gari ya ɗauka. Baballe a gaban dagaci ya tsaya mini."

Ya hau keken da ƙyar, ya ce yau ruwansu ne, in ya makara na sama za su shanye.