Gidan da Ba a Jin Kira

Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Zamanin da aka fara awon gyaɗa a ƙasar Gumel, ni bazawara ce mai ƙarfi da kaifin baki, ina matsar mai ina sayar da ƙuli. Ba abin da na tsana kamar maƙwabta: yau aron turmi, gobe aron rariya, jibi tsegumi.

Sai na ji wani bafatake zai koma Damagaram, yana sayar da gidansa a dajin da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Gida ne babba, ga rijiya, ga garka, ga tsamiya, ga wani ɗaki a ware can ƙarshen garkar. Daga nan zuwa ƙauyenmu, in ka fita da hantsi sai rana tsaka. Mai gari ya tambaye ni wa zai ji ni in na yi kira, na ce masa ai kiran nake gudu. Ranar tashi maƙwabciyata ta zo sallama, wadda muka sha faɗa kan turmina. Na ce ta nemi wani turmin, ni da ƙofarta har abada.

Inna, mahaifiyata, da muka tashi tare, ta zaɓi ɗakin nan na ware, wai bakina ya fi daɗi daga nesa. A rani na biyu, bayan masu taya ni noma sun watse, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba zan iya ɗaukarta ba, ba zan iya barinta ba. Na jiƙa mata sabara, na shafa mata ruwa, na hau katanga ina ƙwala kira har muryata ta dishe. Kwana uku ko makiyayi bai gifta ba. A na huɗu da hantsi ta cika, kanta a cinyata.

Mace ɗaya ba ta haƙa kabari, ba ta sallar gawa. Na lulluɓe Inna, na ja ƙyaure, na mirgino turmin nan na tokare saboda kura, na bar uwata ita kaɗai na kama gudu. Ƙofar da na rantse ba zan taka ba, nan na faɗi. Matar nan ba ta tuna mini komai ba. Ta tura mijinta kiran liman da maza, ta ɗauko ƙwaryar wankan gawa da farin likkafanin da ta ajiye wa kanta. Da muka isa, ita ta kawar da turmin da hannunta.

Na bar gidan, ko mai saye ban nema ba. Na gane mai damunka da aro shi ne mai jin kukanka. 'Yan'uwa, kafin ku sayi gida, ku tsaya a tsakiyarsa ku yi kira. In ba a amsa ba, kada ku kai uwarku can.