Ƙarfen Sakiyar Babana

Shekara shida na yi a Zariya ina karatun likitan dabbobi, kuma saboda babana na karkata wajen dawaki. Shi bai yi boko ba. Amma a Keffi, in doki ya kumbura ko ya fara ɗingishi, gidanmu na unguwar Yara ake zuwa. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi sakiya, ya jiƙa kanwa, ya shafa man shanu. Da wannan aka san shi, ba shi da wata sana'a. Ranar da na tafi makaranta cewa ya yi in je in ƙaro mana abin da bai sani ba.

Na dawo bayan bautar ƙasa da kwali da jakar allurai da kai kamar tulu. Aiki babu. Dawakin garin ma sun ragu, sai kajin gona da awakin mata nake yi wa allura, abokaina na tsokanata wai likitan zakaru. Abin yana cina ƙwarai. Na ƙagu a kira ni kan doki.

Kiran ya zo daga wani ɗan kasuwa a Gitata. Dokinsa ya yi ƙurji a wuya, Baba ya yi masa sakiya, bayan kwana goma ya sandare. Tare muka tafi a babur, ina tuƙi, Baba na baya. Na tarar da dokin tsaye a turke, ƙafafu a ware, kunnuwa a miƙe, muƙamuƙi a kulle, harawa a gabansa ya kasa ci. Na san ciwon daga littafi, ta rauni yake shiga. Na kuma san da wuya ya tashi.

Mai dokin ya tambayi abin da ya jawo. Mutane sun kai goma a bargar. Da na ce Allah ne masani, da an wuce wurin. Sai na nuna tabon wuyan, na ce ƙarfen sakiya ne, irin wannan aikin na dā shi ke kashe dabbobi. Har da Turanci na haɗa. Baba ya gyara hularsa.

Dokin ya mutu a kwana na uku. Na koma ni kaɗai. Ana shirin jansa na ɗaga ƙafarsa ta baya, abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko. Ƙusa ce mai tsatsa a cikin kofaton, wurin ya ruɓe har yana wari. Ta daɗe a ciki. Na faɗa wa mai dokin, ya ce to, ai an riga an yi. Magana zarar bunu ce, wadda na yi ranar farko ta riga ni isa Keffi, babu wanda ya sake kawo wa Baba doki.

Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na ba shi labarin ƙusar, na ce ya yafe mini. Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai ya janye ƙafarsa daga kan tabarma, ya matsa mini wuri kamar baƙo.

“Babu komai, Likita,” ya ce. “Ku ne kuka yi karatu.”

Ya yi shekara huɗu bayan nan kafin ya rasu. Bai sake kirana da sunana ba.