Zaren Likkafanin Kaka

Shekaranjiya ina girki wani ƙashi ya zame ya faɗa cikin garwashi, kafin in ciro shi har ya fara ƙauri. Yara suka toshe hanci, ni kuwa na tsaya riƙe da ludayi, don wannan ƙaurin na Kaka ne. Ita ce ke ƙona ƙashin shanu har ya yi fari fat, ta daka ya zama alli, ta riƙa dangwala da yatsu in tana kaɗi don kada mazari ya suɓuce mata.

Kaka ita ta haifi Baba. Ƙauyenmu a tsallaken gulbi yake, in za ka kasuwar Gummi sai ka shiga jirgi. A bayan ɗakinta akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, amma ban san kayan miyar da babu a ciki ba. Ga yakuwa, ga rama da kuɓewa, ga kabewa ta haye danga tana leƙen gidan maƙwabta. A gindin tattasai take alwala, don kada ruwan ya tafi a banza. Can kusurwa kuma akwai auduga gindi bakwai, su ne 'yan lelenta. Akuyar da ta kusance su takan yi kwana biyu tana ɗingishi.

Kowa a gidan ya san abin da take kaɗawa: zaren likkafaninta ne. Ba ta ɓoyewa, ba ta kuma faɗa da baƙin ciki. Cewa take ita ta shuka, ita ta gurje, ita ta shiɓe, ta tabbata babu haƙƙin kowa a ciki, kuma da shi take so a rufe ta. In ta gama da lambu da hantsi sai ta miƙe ƙafa a inuwa, ta murza mazari cikin ɗan ƙoƙo, ta ɗaga hannun hagu sama, zare na fitowa siriri kamar ba hannu ke yi ba. Shekara uku tana tarawa. Baba ya kai wa wani tsohon masaƙi a wajen Bukkuyum, wanda shi kaɗai ya rage a yankin. Ranar da aka kawo farin ta shinshina shi, ta naɗe ta sa a adudu, ta yini tana tsokanar kowa.

Tana da ƙawa, wata tsohuwar Bafillatana mai tallar nono daga wancan ƙetaren. Takan zuba wa Kaka nono, Kaka ta cika mata ƙwarya da yakuwa. A daminar shekarar gulbi ya cika ya tumbatsa matar tana gidanmu, masu jirgi suka ce ko kusa ba za su shiga ba. Zazzaɓi ya kama ta, kwana uku ta cika a ɗakin Kaka. Danginta suna can, kasuwa ma tana can. Aka bi gari gida-gida, ba a sami farin yadin da zai isa ba.

Ina tsaye Kaka ta buɗe adudu. Baba ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, wanga hwa naki na. Shekara ukku kina wahala tai."

Ta miƙa masa ta ce, "Ta riga ni bukata. Ni da sauran lumhwashi, auduga ko tana nan tsaye."

Da lokacin kaka ya yi, audugar ta fashe, Kaka ta koma farko. Sai dai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta kira ni in zo ta koya mini mu yi tare. Ni kuwa lokacin na koyi saƙa a makaranta, da ulu ja da kore, ina ji da kaina, na ce kaɗi aikin tsofaffi ne. Ta yi dariya ta ce hulunan nan nawa in an sa wa jinjiri sai a ɗauka tattasai ne, ta ci gaba da aikinta tana lalube.

Sai da shekara ta zagayo na ga mazari ya faɗi tana nemansa da tafin hannu, alhali ga shi gabanta. Kunya ta kama ni, na zauna. Zarena ya riƙa fitowa nan kauri can siriri, yana tsinkewa. Takan shafa ta ce in ci gaba, hannu ne bai faɗa ba tukuna. A ranin nan masaƙin ya rasu, ita ma ba ta ga wata damina ba.

Abin da muka tara duka curi biyu ne, nata da nawa. Baba ya ƙetara Gummi ya yanko farin yadi. Na ɗauko curin biyu na ba shi, ya kai wa dattijon da ke ɗinkin likkafani a zaure. Jim kaɗan ya dawo mini da nawa, ya ce ya ƙi shiga kafar allura. Nata, wanda ta kaɗa ba ta gani, ya shige sumul. Yadin na kanti ne, amma daga kai har ƙafa zarenta ne ya riƙe shi.

Yau ina aure a Anka. Ina shuka yakuwa da alayyahu a cikin buhuna, ina saƙa wa jarirai hula da safa. Ban san gida ɗaya da ake kaɗi ba, 'ya'yana ma ba su taɓa ganin mazari ba, kuma in an yi rasuwa mai babur ake aikawa kanti ya dawo kafin a gama wanka. Nakan zauna in ce da na amsa kiran farko, da hannu huɗu ne a kan aikin, wataƙila da zaren ya isa masaƙin yana raye. Wannan magana ni nake faɗa wa kaina. Ita har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa mini ba.