Ƙodar da Aka Gani a Kularmu

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ba zan manta da yammacin da muka je wayar da kai kan kyautar ƙoda a wata unguwa da ke bayan Ƙofar Sauri ba. An daɗe da yin abin, amma ko yanzu da na zauna rubuta shi sai da gabana ya faɗi.

A lokacin ina ma'aikaciyar lafiya a sashen wayar da kan jama'a. Masu ciwon ƙoda sun cika asibiti ana ta yi musu wankin ƙoda, kuma da likita ya ce a nemo ɗan'uwan da zai bayar da ƙoda ɗaya, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Shi ne gwamnati ta ce a shiga unguwanni a faɗa wa mutane cewa lafiyayye zai iya ba ɗan'uwansa ƙoda ya ci gaba da harkokinsa, kuma kyauta ake bayarwa, sayarwa laifi ne. Magana mai daɗi a ofis, ƙarƙashin fanka. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne, a watannin garin cike yake da jita-jitar masu sace mutane su cire musu sassan jiki. Kowa ya san wani da ya san wanda aka yi wa, amma ba wanda ya gani da idonsa.

Mu uku ne a motar: ni, da ogana, mutumin da in ya riƙe lasifika sai an roƙe shi yake ajiyewa, sai direbanmu, wani matashi mai fara'a da matarsa ta yi haihuwar fari a makon. Muka isa bayan La'asar, muka tsaya gefen masallaci kusa da tukubar wani mai tsire, muka rataye ƙyallenmu mai ɗauke da ƙaton hoton ƙoda jajir. Oga ya fara bayani. Mutane suka taru, amma irin taruwar da ba mai murmushi. Na ga wata tsohuwa ta fizgi hannun jikokinta ta shige gida.

Can wani saurayi ya leƙa bayan motar ya ce, "Hajiya, mi ke cikin kular can?"

Na ce, "Ruwan leda ne da ƙanƙara. Buɗe ka gani mana."

Da bakina na faɗa. Ya ɗaga murfin, ya tura hannu, sai ga shi ya zaro wata baƙar leda tana ɗigar da jini. Ya zazzage ta a kan murfin kular. Hanta ce, da ƙoda. Na juya na dubi direba, na ga ya dafe kai da hannu biyu.

Wani daga baya ya kwatsa ihu, "Ƙanana ne! Wallahi na yara ne!"

Ban san daga inda mutanen suka ɓullo ba. Mata suka fito ba mayafi, kowace tana ƙwala wa ɗanta kira. 'Yan kabu-kabu suka gindaya baburansu suka tare hanya. Dutse na farko ya tarwatsa gilashin gaba, na biyu ya sami direba a gefen kai. Suka finciko shi ƙasa yana cewa, "Na rago ne! Don Allah ku saurare ni, na rago ne!" amma wa zai ji? Oga ya ɗaga lasifika zai yi magana aka buge ta daga hannunsa. Ni kuwa na manne a jikin mota. Na buɗe baki zan yi addu'a, duk addu'o'in da na haddace tun ina yarinya suka gudu, ba abin da ya rage sai "Innalillahi". Da na hango wani yana gangaro da taya, wani kuma riƙe da galan ɗin fetur, sai na fid da rai. Na tuna 'ya'yana da na baro gida ban ko yi musu sallamar kirki ba.

Ana cikin haka aka fara darewa. Limamin masallacin ne ya fito, wani ɗan tsamurmurin tsoho da carbi a hannu, yana tafe a hankali kamar zai je ɗaurin aure. Ya isa kan direba ya tsuguna.

"Sannu, yaro. Naman ga na wa ne?"

"Na matata ne, Malam. Haihuwa ta yi. Da safe na sayo a kwata, na sa cikin ƙanƙara kada shi lalace kafin in tashi aiki."

"A'a! Barka, barka. Mi aka samu?"

"Mace, Malam."

"Masha Allahu. Allah shi raya. Ya mai jegon? Ta samu kanta lafiya? Ya kwanan jaririyar? Yaushe ne suna?"

Wallahi a lokacin haushinsa na ji. Ana shirin ƙona mu, shi kuma yana ta jero barka kamar a zauren gidansa. Sai daga baya na gane abin da yake yi. Duk tambayar da ya jefa, hayaniyar sai ta ragu, don kowa yana son ya ji amsa. Kafin ya gama, wanda ke kwance a ƙasa ya tashi daga ɓarawon ƙoda ya koma angon ƙarni.

Amma mai fetur bai ajiye galan ɗinsa ba. Ya ce, "Malam, ƙarya shi kai. Haka suke yi."

Liman ya miƙe. Ya yafito mai tsire ya ce ya gasa masa ƙodar nan yanzu. Ban taɓa ganin gashin da ya daɗe kamar wannan ba. Ba abin da kake ji sai ƙarar kitse a kan garwashi da nishin direba. Da aka kawo, tsohon ya yi bisimilla, ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna a nitse ya haɗiye. Sannan ya miƙa wa mai fetur.

"Karɓi ka ci. In kuwa naman mutum na ci, to ka faɗa gaban jama'a."

Mai fetur ya dubi liman, ya dubi mutane, ya ajiye galan ya karɓa da hannu biyu. Yana taunawa kansa a ƙasa. Daga nan aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har mai tayar ma ban ga tafiyarsa ba.

A inuwar masallaci muka zauna ina wanke wa direba jinin kansa. Oga ya samu bakin magana, yana godiya yana cewa jahilci ne ke damun mutanenmu. Liman ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka ce masu jahilai, Alhaji. Duk cikinsu babu wanda bai taɓa feɗe ragon layya ba, sun san ƙodar rago sarai. Tsoro ne ya rufe masu ido. Ku kuma da kuka zo, wa kuka yi ma sallama kafin ku rataye hoton ƙoda a ƙofar masallacinmu?"

Gaskiya ya faɗa. Ba mu je wurin mai unguwa ba, ba mu gaida liman ba, ba wanda ya san daga inda muka faɗo.

Direba ya ci sunan 'yarsa da bandeji a ka, kuma kunnen hagun da dutsen ya sama bai ƙara ji da shi ba. Yarinyar ta girma ta san cewa in za ta yi wa babanta magana, sai ta zagayo ta dama.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, gaskiyar da ka zo da ita ba za ta cece ka ba a wurin mutanen da ke cikin tsoro, in ba su san fuskarka ba. Mun je roƙon jama'a wani sashe na jikinsu alhali ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Tun daga lokacin, duk unguwar da aka tura ni, sai na fara cire takalmi na zauna a tabarmar manyanta, mun gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan in ambaci ƙoda.