Haƙorin da Kawu Ya Cire

Kawuna ba ya kallon mutum a ido sai ya fara kallon bakinsa. Kana gaishe shi, kana tambayarsa iyali, shi kuwa yana can yana leƙen turamenka na ciki. Idan ka gama sai ya amsa gaisuwar, ya ɗora da cewa, "Ka daina tauna da gefe ɗaya." Mutane da yawa sun ji haushinsa a kan wannan, amma ban san wanda ya taɓa cewa ƙarya ya yi ba.

Shekara talatin da biyar ya yi yana haɗa haƙoran roba. Shi ba likita ba ne, kuma idan ka kira shi likita nan take zai gyara maka. Likita ne ke ɗaukar awon bakin mutum ya aiko masa, shi kuma ya zauna a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin, ya kwaɓa filasta ya fitar da siffar bakin, sannan ya jera haƙora a kan kakin zuma ɗaya bayan ɗaya. A unguwa kowa Mai Haƙori yake ce masa. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce ba ita ya aura ba, wushiryarta ya aura. Shi kuma ya ce har yau bai yi da-na-sani ba, don wushiryar ba ta taɓa yi masa faɗa ba.

A hannunsu na tashi, tun bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa. Sunan kakata aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. A ɗakin aikinsa nake yin aikin gida idan an tashi makaranta, ga bakunan filasta jere a kan kanta suna yi mini murmushi, ga injin gogewa yana ƙara. Durowar ƙasa ta teburinsa kuwa cike take da haƙoran da ya haɗa suka ƙi zama a bakin masu su, kowanne da kwanan wata da fensir. Inna ta sha cewa a zubar da tarkacen nan. Yakan ce idan ya zubar zai manta shi ma yana kuskure, kuma ranar da ya manta, wani bawan Allah ne zai kasa cin abinci.

Da na shiga jami'a na zaɓi nazarin ƙasusuwan dabbobin da, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, Kawu ya yi dariya har da hawaye.

"Uwata, ashe gado kika yi," ya ce. "Sai dai kin fi ni wayo. Ni masu rai nake yi wa aiki. Ke naki mutanen ba sa dawowa da ƙorafi."

A shekarata ta uku a digiri na uku, muna tono a wani tsohon ramin fasa dutse, na ci karo da rabin muƙamuƙin ƙasa na gefen dama. Na wata dabba ne dangin rema, amma mai girman jaki, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan talatin da suka wuce. Haƙoran suna nan reras, ban da turmi ɗaya. Shi ma ga shi nan a cikin dunƙulen ƙasar, kwance daidai gurbin da babu komai, saiwoyinsa a karye. Mako uku na yi ina share ƙasa da allura da buroshi, sannan na sa gam na mayar da shi mazauninsa.

Bayan na mayar da shi ne na lura da abin da ya cika ni da murna. Tudun saman wannan turmin bai yi kama da na kowace dabbar da aka sani a danginta ba. Na auna, na sake aunawa, na duba littattafai. Farfesan da ke duba aikina ya kalli hotuna da awon, ya ce da alama sabuwar halitta ce da ba a taɓa rubutawa ba. Daga nan duk digirina ya koma kan wannan haƙori ɗaya. A aikinmu kuma, wanda ya fara bayyana halitta shi ke raɗa mata suna. Ni na riga na zaɓa, sunan Kawu zan sa mata. Ban gaya wa kowa ba, sai na ga abin a buge a mujalla.

Saura mako guda a aika wa mujallar da takardar binciken aka ce sai an haɗa da kwafin muƙamuƙin, don masana su riƙe a hannu su duba. Mai yi mana kwafi a sashen ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Na ce ai ina da gwani a gida.

Kawu ya zo da safe cikin kayansa na fita, da kayan aikinsa a tsohon gwangwanin biskit na Inna. Kafin mu kai ɗakin bincike ya riga ya gaya wa maigadi fiƙarsa ta hagu tana girgiɗi. Na fito da muƙamuƙin daga akwatinsa na ajiye a kan soso, ina ta fankama. Ya gyara tabarau, ya sunkuya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Uwata, wa ya yi wa wannan aikin baki?"

"Ni ce, Kawu."

"To, da wannan haƙorin ba zai iya rufe bakinsa ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Kawu, wannan fa ba bakin ɗan fansho ba ne. Shekara miliyan talatin ake magana."

"Shekarun nasa Allah ne ya sani, ni ban yi musu ba. Amma ai da bakin ya ci abinci, ko? Zo ki gani."

Ya ɗauki ɗan tsinken da yake gyara kaki da shi ya nuna mini, bai ko taɓa ƙashin ba. Ya ce haƙoran da suka zauna tare shekara da shekaru sukan goge juna, kowanne ya bar wa maƙwabcinsa ɗan tabo mai sheƙi, kuma tabon biyu sai sun dace. Na sauran haƙoran duk sun dace. Na wannan kuwa yana kallon wani wuri daban. Sannan ya ce in dubi inda tauna ta cinye. Duk 'yan'uwansa ta gefen kumatu suka cinye, shi kaɗai ta gefen harshe.

"Na hagu ne," ya ce. "Kin ɗauko na hagu kin dasa a dama. Ni ma na taɓa yi, yana nan a durowa."

Na sa madubin ƙara girma na duba. Na so ƙwarai in same shi da kuskure, ban samu ba. Abin da na ɗauka sabuwar halitta ne, haƙori ne na yau da kullum da na juya wa gida. Duk abin da ya nuna mini na karanta shi a aji, har na ci jarrabawa a kai. Son in ga sabon abu ne ya rufe mini ido.

Na fita baranda na tsaya. Gaskiya na yi tunanin yin shiru. Farfesa bai gani ba, wataƙila masanan ma ba za su gani ba, ga shekara uku na zuba a ciki. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushin Kawu da bai iya kallon baki ya kama bakinsa ba. Da na dawo na tarar ya riga ya kwaɓa filasta.

"In kin ce in yi kwafi a aika, zan yi," ya ce. "Aikinki ne. Ni dai na faɗi abin da na gani."

Na ce, "A'a, cire shi za mu yi."

"To, bari in ɗauki siffarsa a haka tukuna."

Ban tambaye shi dalili ba, don ba ni da ƙarfin surutu. Da ya gama na ɗiga sinadarin narkar da gam, shi kuma ya sa yatsa biyu ya ɗaga haƙorin a hankali. Ya leƙa gurbin, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ke, wannan ai ba rami a nan. Ya cike."

Abin da na ɗauka ƙasa ce ta daskare a gurbin, ashe ƙashi ne sumul. Kawu ya ce tun dabbar tana da rai haƙorin wurin ya faɗi, ciwon ya warke, ƙashi ya rufe. Ya nuna mini yadda na bayansa ya ɗan karkato zuwa wurin da babu kowa, yadda yake gani a bakin mutanen da suka yi shekaru ba su zo an cike musu ba.

"Mai giɓi ne," ya ce cikin tausayi. "Ya daɗe yana fama. Da ya zo wurina da na taimaka masa."

Na je na gaya wa Farfesa da kaina. Ya zo ya duba, ya cire tabarau ya mayar. Ya ce laifin namu ne mu biyu, don shi ma hoto ya tsaya kallo bai riƙe ƙashin a hannu ba. Sai ya juya ga Kawu ya roƙe shi ya duba masa sauran muƙamuƙan da ke cikin kabad. Har la'asar suna tare, suna jawo akwati suna mayarwa. Da za su rabu Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, kana cizon haƙora a barci." Farfesa ya ce matarsa ta fi shekara goma tana faɗa masa haka.

Shekara guda cur ta ƙaru a karatuna. Sabuwar halitta ta bi iska. A madadinta na rubuta wata 'yar takarda mai shafi shida a kan dabbar da ta rayu da giɓi, da abin da cinyewar haƙoranta ke nunawa game da irin ciyayin da ta ci. Ba wanda ya yi mini tafi, amma har yau ba wanda ya zo ya ce akwai kuskure a ciki.

Ranar da aka buga ta na kai wa Kawu gida da yamma. Yana zaune a tsakar gida, Inna tana ninke wanki. Na nuna masa inda aka yi masa godiya a shafin ƙarshe, sannan na faɗi abin da na ɓoye.

"Kawu, ka san sunan da na so sa wa dabbar nan? Naka ne. Da ka yi shiru, da yanzu yana cikin littattafai har abada."

Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ka gani ko? Na sha gaya maka bakin nan naka zai ja maka asara."

Na ga idon Kawu ya kawo ruwa, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Can sai ya ce, "Uwata, na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ashe so kika yi ki liƙa sunana a bakin da ba ya rufuwa? Da mutane sun ce ni na haɗa."

Muka yi ta dariya mu uku, ni tawa da kuka a ciki. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Kwafin da ya ɗauka ne kafin mu cire haƙorin, fari fat, da turmin hagu zaune a dama. A ƙarƙashinsa ya rubuta kwanan watan da fensir.

"Tawa durowar ta cika," ya ce. "Ki je ki buɗe taki."

Yana nan a durowar ƙasa ta teburina a ofis. Yanzu sun zama huɗu, sauran ukun da kaina na gano su.