Wata Bakwai da Idon Aro

Ko da zan manta lambar gidana a unguwar Whalley Range ta Manchester, ko in manta ranar da aka ɗaura mini aure, kada dai uwargida ta ji, ba na jin zan taɓa manta wata Asabar da na yi a Birmingham. Ranar ce wata tsohuwar Baturiya ta gano cikin minti ɗaya abin da ƙarti goma sha biyu suka kasa ganowa cikin wata bakwai. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ji kunnuwana suna hayaƙi.

'Yata ta biyu, wadda nake kira Mamana don sunan mahaifiyata gare ta, tana da shekara sha huɗu a lokacin. Yarinya ce marar hayaniya. An sa ta ƙwallo ta ƙi, an sa ta iyo ta ce ruwan yana wari. Rannan kawai ta dawo daga makaranta da wata takarda, wai akwai kulob ɗin koyon harbi da doguwar bindigar iska, kuma tana so. Na ce, "Bindiga? Mamana, mu da ko atishawa muka yi a filin jirgi sai an zazzage mana jaka?" Ta ce da Turancin nan nata na Manchester mai kamar ana tauna burodi, "Daddy, takarda ake harbi. Wasa ne, har gasa ake yi." Tun da aka haife ta wannan ne abu na farko da ta nema da bakinta, don haka na kai ta.

Gaskiya ɗaya ce, mutanen kulob ɗin mutanen kirki ne. Duk masu aikin sa-kai ne, yawancinsu dattawan da suka yi ritaya. Kowace Asabar suna can cikin wani dogon ɗaki mai sanyin da in ka ajiye nama zai kai babbar Sallah. Wajen kiyaye haɗari kuwa ba su da na biyu. Bakin bindiga ya karkata ko da faɗin silin gashi, za a daka maka tsawar da sai an ji ta a Old Trafford ana tsakar ƙwallo.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane mako malami daban. Ranar farko shugaban kulob ɗin, wani dattijo mai gashin baki kamar tsintsiya, ya tambaye ta da wane hannu take rubutu. Ta ce dama. Ya ɗora mata bindiga a kafaɗar dama, shi ke nan an gama bincike. Mako na gaba wani ya ce ta runtse idon hagu. Wanda ya biyo shi ya ce wane jahili ne ya ce ta runtse, ta buɗe duka biyun. Wani ya ce tsayuwarta ce ba daidai ba, wani ya ce numfashi, wani ya ce tana fizgar kunamar bindiga. Ba wanda ke rubuta abin da ya koya mata, ba wanda ya san abin da na makon jiya ya faɗa. Kamar kana karatun allo ne, kullum sabon malami ya wanke na jiya ya rubuta maka nasa.

Harsashin Mamana kuwa yana ta yawon duniya. In an ciro takardarta sai ka rantse gara ce ta ci ta. Yaran da suka shigo bayanta suka wuce ta, su kuma malaman su dafa kafaɗarta su ce ta ƙara ƙoƙari, sai a hankali. Ni ina zaune a benci da fulas ɗin shayi ina ganin komai, amma kara ta ɗaure mini baki. A gidanmu an koya mana wanda ya yi maka alheri ba ka tsayawa kana auna masa. Kullum in yi musu godiya sau bakwai, har da ɗan rusunawa, mu kama hanyar gida yarinya tana kallon taga.

Da aka shirya gasar yara ta kulob-kulob a Birmingham, muna cikin mota ta ce, "Daddy, in yau ma na zo baya, na bari. Ni dai ban da kan abin nan." Ba da fushi ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Da muka shiga Birmingham muka biya unguwar Sparkhill muka ɗauki wani tsohon abokina Bazazzagi, don ya ce sai ya ga harbin Kanawa da idonsa. Zagayen safe Mamana ta zo ta biyu daga ƙarshe, kuma ina kyautata zaton na ƙarshen barci yake yi. Abokin nawa ya raɗa mini, "Bakano, gado ta yi. Ba kai ne ka auna kurciya da danƙo ka samu akuyar liman ba?" Na ce, "Bazazzagi, yau ba ranar wasa ba ce."

Ashe tsohuwar da ke kula da layin harbi tana lura. Ita ma 'yar sa-kai ce, gashi fari fat, tana dogara sanda. Ta ga yadda yarinyar ke kwantar da wuya ta ƙetare gindin bindiga kamar mai leƙen katangar maƙwabta. Da aka tafi hutu ta kira ta, ta sa ta miƙe hannuwa biyu ta bar 'yar kafa a tsakani, ta kalli agogon bango ta cikin kafar, sannan ta jawo hannuwan zuwa fuska a hankali. Hannuwa suka tafi tsaf suka sauka a idon hagu.

Tsohuwar ta ce, "'Yata, ai idonki na hagu ne mai mulki. Wa ya ɗora miki a dama?" Sai ta juyo gare ni. "Tana jaririya da wane hannu take kai wa cokali?"

Na ɗaga kai ina ƙirga fitilun rufi. Bazazzagi ya zungure ni, "Faɗa mata mana, Alhajin Allah!"

Bahaguwa aka haifi Mamana. Ni da uwarta muka yi shekaru muna karɓe cokali daga hagu muna mayarwa dama, fensir ma haka, don kada mu je gida hutu kakanni su ce mun lalata yarinya a Turai. Cin abinci da dama ba na nadamarsa, tarbiyyarmu ce. Amma hannu ne ya ji tarbiyya, ido bai ji ba.

Tsohuwar ta aro mata bindigar bahago, ta ce ta gwada goma. Ba duka suka shiga tsakiya ba, amma sun taru wuri guda, murfin kwalba zai rufe su. Ba a lissafa su a gasa ba. Na yi zaton yarinyar za ta yi tsalle, sai na ga ta kafe takardar da ido, hawaye na zuba. Da muka zauna cin abinci a Stratford Road ko loma ba ta kai ba. Ta ce, "Wata bakwai ina zaton ni ce daƙiƙiya. Kai ma kana kallo, Daddy, ba ka ce komai ba."

A hanyar komawa Manchester na shirya huɗubar da in na yi ta, sai rufin kulob ɗin ya yaye. Da muka isa gida uwargida ta ce, "In ka je da bakin nan naka, ku biyun za a koro, kuma ita ce a ciki." Na haɗiye rabi, na tafi taron kwamitinsu da rabin.

Na fara da yabo, kuma ba na ƙarya ba. Na faɗi nawa laifin a gaban kowa. Sannan na ce tambayar hannun rubutu ba ta isa ba, a riƙa gwada idon kowane yaro tun ranar farko. A kuma buɗe wa kowa kati, malamin yau ya rubuta abin da ya koyar, na gobe ya ɗora daga nan. Na tambaya ko za a iya samo bindigar bahago ko da guda ɗaya. Sai wani ya yi tari ya ce ai akwai, tana cikin kabad, ba mai amfani da ita. Jama'a! Wata bakwai tana kulle taku biyar daga inda 'yata ke tsayawa! Wallahi da ba don na riƙe gefen tebur ba, da na tashi sama.

Shugaban ya murza gashin baki ya ce, "Ka san dai mu masu sa-kai ne."

Na ce, "Na sani, yallaɓai, kuma na gode. Amma in ka yi sa-kai ka nuna wa baƙo hanya, ka nuna masa daji, ba zai fasa ɓata ba don kyauta ka nuna masa."

Wani ya miƙe a fusace, wai ya fi shekara ashirin yana koyarwa ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Na ce ai yaro ba ya kawo ƙara, daina zuwa yake yi, ya tafi gida da yaƙinin shi ne ba shi da kai. Su nawa suka tafi haka? Ya ɗauki hularsa ya fita. Na yi ƙoƙarin juya musu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba da Turanci, suka yi ta kallona suna neman inda kayan suke.

Can shugaban ya ce, "To wa zai riƙe katunan?" Duk suka juyo suka zuba mini ido. Haka ni direban bas, wanda ban taɓa samun komai ba sai akuyar liman, na zama magatakardan kulob ɗin harbi duk Asabar ɗin da ba na aiki.

Makon da ya biyo baya shugaban da kansa ya buɗe kabad, ya miƙa wa Mamana bindigar, ya ce, "Mun yi miki ba daidai ba." Ba ta bari ba. Yanzu tana jami'a, kuma har yau tana harbi.

Abin da na koya shi ne, karar da na yi wa dattawan nan ba da aljihuna na yi ta ba, da zuciyar 'yata na yi. Mai aikin sa-kai ya cancanci godiya, kuma ya cancanci a faɗa masa gaskiya da ladabi tun da wuri, don aikin ya fito ya yi, ba shan godiya ba. Da na buɗe baki a wata na farko, da ɗan tari kawai zan yi a gyara.